Linzamin jarirai: yadda muka zo nan

Duk gidan sunan da aka shiga a Aboabo ko Asawase, cikin Kumasi a Gana, kwanakin nan, da wuya mata su watse ba a taɓo maganar linzami ba. Wata ta ce a yanke, wata ta ce yayi ne da waya ta kawo, kamar jiya aka fara haihuwar masu shi.

Linzami zaren nan ne na ƙarƙashin harshe, idan ya yi gajarta ya hana harshe ɗagowa. Wanzamanmu sun san shi tun kaka da kakanni, ungozomomin Turai ma da farce suke tsinke shi a da. Da madarar gwangwani ta yaɗu a ƙarni na 20 sai zancen ya kwanta, don bulumboti ba ya sa harshe aiki kamar nono.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne farkon shekarun 2000. A 2000 Gana ta yi dokar kare shayarwa, a 2001 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da. Alheri ne babba, ya raba yara da yawa da gudawa. Sai dai a da, jaririn da bai iya tsotso ba akan cike masa da ruwan ɗumi a cokali, daga baya koko, matsalar ta ɓuya. Yanzu nauyin duka ya koma kan harshensa da kan nonon uwarsa. A daidai lokacin kuma zaman jego ya fara tsinkewa. Amarya na ɗakin haya a bayan gari, kaka na Zongo, hutun haihuwa mako 12 ne ga mai aikin albashi, mai tallan kasuwa kuwa ko wannan ba ta da shi. Wa zai zauna kusa da ita ya kalli yadda yaro ke kamawa?

Na gani a kan 'yar yayata. Kan nono ya tsage har da jini, yaro na tsotso yana ƙas-ƙas da baki, ya saki ya tsala kuka. Ta ce, "Inna, ko linzami ne?" Tsohuwa ta ce, "Matso da shi, 'yar nan, cikinsa a cikinki. Bari ya wage baki tukuna." Kafin sati zafin ya lafa. Maƙwabciyarta kuwa na ɗanta linzami ne na gaske, harshe kamar an ɗaure shi da ƙasan baki, aka ɗan tsaga shi da almakashi a asibiti.

A Amurka, yankan linzami ya ninka kusan sau 10 tsakanin 1997 da 2012. Wani bitar bincike na 2017 ya ga yana rage wa uwa zafi na ɗan lokaci, amma bai ga tabbacin yana gyara tsotson kowane jariri ba. A 2024 ƙungiyar likitocin yara ta can ta ce a fara gyara kamun nono kafin a kai ga yanka. Zaren leɓen sama kuwa, da ake ta ɗaga bakin jarirai ana ɗaukar hotonsa, kusan kowane jariri da shi ake haihuwarsa.