Ƙarfen Liƙi a Aikin Gilashi Mai Launi

Ƙarfen liƙi kayan aiki ne na hannu mai baki mai zafi, da ake narkar da dalmar liƙi da shi don haɗa ƙarfe da ƙarfe. A sana'ar gilashi mai launi, wato irin tagogin tsofaffin majami'un Turai da murafun fitilun ado, gilashin kansa ba ya kama dalma. Abin da ake liƙewa shi ne ƙarfen da ya kewaye kowane yanki: ko sandar dalma mai kwari biyu da gilashin ke shiga ciki, ko siririn fallen jan ƙarfe da aka naɗe gefen gilashin da shi. Ƙarfen masu gyaran rediyo da wayar hannu, mai wat 15 zuwa 40, ba ya wannan aiki. Yana iya kaiwa zafin da ake so, amma da ya taɓa doguwar gaɓa sai ya huce, domin bakinsa ƙarami ne, ba ya riƙe zafi. Shi ya sa masu sana'ar suka fi damuwa da saurin dawowar zafi bayan an narkar da dalma, fiye da iyakar zafin da ƙarfen ke kaiwa.

Tarihi

Haɗa gilashin taga da dalma tsohuwar sana'a ce a Turai. A wajen shekarar 675 Benedict Biscop, wani shugaban 'yan zuhudu a Ingila, ya ɗauko masu aikin gilashi daga ƙasar da ake kira Faransa a yau, suka yi tagogin majami'ar Monkwearmouth a arewacin Ingila. Tagogin annabawa na babbar majami'ar Augsburg a Jamus, waɗanda ake kyautata zaton an yi su a ƙarshen ƙarni na 11 ko farkon na 12, suna cikin mafiya tsufa da har yanzu ke a mazauninsu.

Bayani mafi daɗewa mai cikakken fasali kan ƙarfen da ake wannan liƙi da shi ya zo a littafin De diversis artibus, wanda wani ɗan zuhudu mai kiran kansa Theophilus ya rubuta a wajen farkon ƙarni na 12. Wasu masana na ganin shi ne maƙerin nan Roger na Helmarshausen, wasu ba su yarda ba. Ƙarfen da ya siffanta dogo ne siriri, mai kauri da dunƙulewa can wajen ƙarshe, sannan ya sake sirancewa zuwa baki. Ana goge bakin da magagari, a shafe shi da kuza, a sa a wuta. Dalmar liƙin kuwa yawancinta kuza ce da aka gauraya da ɗan kaso na dalma, aka zuba ta sanda-sanda aka shafe da kaki. Sai a kankare duk inda sandunan dalma suka haɗu, a ɗora kuzar, a goga da ƙarfe mai zafi har su kama juna. Duk abin da mai sayen ƙarfe yake nema a yau yana cikin wannan siffa: dunƙulen da ke ajiye zafi, bakin da ya sha kuza, da wani abu mai hana tsatsa shiga tsakani.

Ɗaruruwan shekaru aka yi ana dumama ƙarfen a garwashi. Daga baya kan ya koma na jan ƙarfe, saboda ya fi baƙin ƙarfe saurin kai zafi. Mai aiki yakan ajiye biyu ko uku a wuta, in wanda ke hannu ya huce ya musanya. A ƙarni na 19 aka samu mai aiki da iskar gas, wanda harshen wuta ke bugun bayan kan ba tsayawa, kuma ɗakunan aikin tagogin majami'u a Ingila sun daɗe suna riƙe da shi ko bayan zuwan lantarki.

Kamfanin American Electrical Heater na birnin Detroit, mai tambarin American Beauty, ya fara ƙera na lantarki a wajen 1894. A Jamus, Ernst Sachs, wanda ya kafa kamfanin ERSA, ya yi rajistar nasa a 1921. Carl Weller a Amurka ya samu rajistar bindigar liƙi, wato ƙarfen liƙi mai siffar bindiga, a 1946, sannan a wajen 1960 kamfaninsa ya fito da dabarar daidaita zafi da maganaɗisu, wadda har yau ke cikin ƙarfen da masu gilashi suka fi sani. Kamfanin Hakko na Osaka a Japan, da aka kafa a 1952, shi ya yi fice da masu dumamawa da tangaran.

Canjin da ya fi shafar ƙarfen liƙi ya zo ne a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da salon fallen jan ƙarfe ya yaɗu ta hanyar fitilun Louis Comfort Tiffany (1848–1933) a New York. Akwai saɓani kan wanda ya ƙago salon, domin Sanford Bray na Boston ya yi rajistar makamancinsa a 1886. A aikin sandar dalma, mahaɗa kawai ake ɗiga wa dalma. A na falle kuwa sai an bi tsawon kowace gaɓa, ciki da waje, ana jan dalma mai tudu kamar kunyar gona. Wannan ne ya sa ake bukatar ƙarfen da zai yi minti da yawa yana narkarwa bai gaza ba.

Dalmar liƙi da zafin da take so

Dalmar liƙi gauraye ce ta kuza da dalma, kuma lambar farko a jikin ƙunshin ita ce ta kuza. Mai 60/40 tana fara narkewa a digiri 183 na ma'aunin Salshiyas, ta zama ruwa sarai a wajen 190, ita aka fi jan kunya da ita. Mai 50/50 sai wajen 215 take gama narkewa, tana da nauyin gudu, don haka ake cike giɓi da ita ko a liƙe mahaɗar sanduna. Mai 63/37 tana narkewa tana daskarewa a 183 cif, masu ado da ɗigo-ɗigo sun fi son ta. Wadda ba dalma a cikinta, ta kuza da ɗan jan ƙarfe, tana narkewa a wajen 227, tana bukatar ƙarin zafi, tana kuma cin baki da sauri.

Bakin ƙarfe yana aiki sama da waɗannan lambobi nesa, yawanci a wajen digiri 370 zuwa 410 a aikin falle. Sandar dalma ita kanta tana narkewa a 327, ke nan baki mai digiri 370 zai huda ta in aka bar shi a kai fiye da daƙiƙa biyu ko uku. Ƙwararru kan gwada a guntun sanda kafin su taɓa tagar.

Dalmar masu gyaran lantarki mai ƙaro a tsakiya ba ta dace ba, ƙaron yana barin baƙin danƙo a gilashi. Ana amfani da wayar dalmar liƙi mara ƙaro mai kaurin milimita 3, ruwan liƙi kuma, wato sinadarin da ke hana tsatsa shiga tsakani, daban, a shafa da buroshi.

Ire-ire

Mafi arha shi ne mai wayar dumamawa da aka naɗe, wat 80 zuwa 100, ba shi da abin daidaita zafi. In aka bar shi a jone sai ya yi ta hawa har bakin ya yi baƙi. Ana haɗa shi da akwatin rage wuta mai maɓallin murɗawa. Akwatin ba ya auna zafin baki, wutar da ke shiga kawai yake ragewa, saboda haka lambar da ta yi daidai yayin aiki za ta yi yawa in an ajiye ƙarfen, wadda ta yi daidai a ajiye kuma za ta gaza a tsakiyar doguwar gaɓa.

Na biyu shi ne mai maganaɗisu, kamar Weller W100PG mai wat 100, da ɗan'uwansa W101 na kasuwar Turai. A gindin bakinsa akwai guntun ƙarfe mai jan maganaɗisu. Da zarar ya kai wani zafi sai ya daina ja, maganaɗisun ya saki, wuta ta yanke. In ya ɗan huce ya sake ja. Ana jin ƙarar ƙyas a hannu duk lokacin da hakan ta faru. Lambar da aka buga a gindin bakin ita ce zafinsa a ma'aunin Farenhait: 6 na nufin 600, 7 na nufin 700, 8 na nufin 800, wato wajen 316 da 371 da 427 a Salshiyas. Canza zafi sai da canza baki. Jona shi a akwatin rage wuta ba ya ƙara komai sai jinkirta dawowar zafi. Yana da ɗan nauyi, amma yana da juriya.

Na uku shi ne mai tangaran a ciki da abin auna zafi kusa da baki, kamar Hakko FX-601. Wat ɗinsa bai kai 70 ba, duk da haka yana jan kunya fiye da wasu masu wat 100, domin yana jin hucewar baki nan take ya ƙara wuta. Ana murɗa zafinsa a jikin mariƙin daga digiri 240 zuwa 540, yana yin zafi cikin kimanin minti ɗaya, ba shi da nauyi. Aibinsa shi ne tangaran ba ya son faɗuwa, kuma jabunsa sun yi yawa a kasuwannin intanet. Wat ɗin wannan iri da na mai waya ba a auna su da mudu ɗaya.

Manya masu wat 150 zuwa 300 na masu gyaran manyan tagogi ne da masu liƙa firam na tutiya ko tagulla. Bindigar liƙi ba ta da amfani a nan.

Baki

Cikin baki jan ƙarfe ne, an lulluɓe shi da siririn baƙin ƙarfe don kada kuza ta cinye shi. Siffar da ake amfani da ita mai faɗi ce kamar bakin kurfi ko na sukundireba. Mai tsini irin na fensir ba ya taɓa wuri mai faɗi, zafi ba ya wucewa.

Fallen da aka fi amfani da shi a gilashi mai kaurin milimita 3 shi ne mai faɗin 7/32 na inci. Ga gaɓar da yake bayarwa, baki mai 1/4 na inci, wato milimita 6.4, ko mai 3/16, wato milimita 4.8, sun wadatar. Mai 3/8, milimita 9.5, ya fi ajiye zafi, ana so shi a manyan fuskoki da mahaɗar sanduna masu faɗi. Mai 1/8, milimita 3.2, na kayan ƙawa ne da lunguna da liƙa zoben ratayewa. Sabon shiga yakan ɗauka ƙaramin baki ya fi sauƙin sarrafawa, alhali shi ya fi saurin hucewa, yana barin kunya mai gargada.

Kowane ƙarfe da jerin bakunansa: na Weller W100 lambarsu tana farawa da CT6, na FX-601 da T19. Na wannan ba ya shiga wancan. Ƙarfen da ba a samun bakinsa a kasuwa, ranar da bakin ya mutu shi ma ya tashi daga aiki, don haka ake sayen baki ɗaya ko biyu na ajiya tare da shi.

Ƙarfin wuta

Da yawa daga cikin kayan wannan sana'a daga shagunan Amurka suke fitowa, inda wutar gida bolt 120 ce, ta Japan kuma 100. A Turai da Najeriya da Nijar da Gana wutar tana tsakanin 220 da 240. Ƙarfen bolt 120 da aka jona a 230 zai ja kusan ninki huɗu na wat ɗinsa, mai 100 ya koma wajen 370, ya ƙone cikin ɗan lokaci. Canza kan filogi ba ya magance wannan. Ko a nemi samfurin bolt 230, ko a sa taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce na ƙarfen da rara mai kyau. Haka in wuta ta yi ƙasa: mara abin daidaitawa da aka yi don 230, in ya samu 180, kashi 60 cikin 100 na ƙarfinsa kawai zai bayar. Sauran abin dubawa su ne filogi mai ƙafa uku, doguwar waya mai laushi, da mazauni mai nauyi da ba zai kife ba.

Kulawa da matsalolin da aka saba gani

Sabon baki ana shafe shi da dalma tun yana fara zafi, kafin iska ta taɓa shi. Yayin aiki ana goge shi a soso mai danshi, ba jiƙaƙƙe sharkaf ba, ko a curin zaren tagulla, wanda ba ya sanyaya shi. Kafin a kashe wuta a bar masa dalma a jiki. Magagari da takardar yashi suna cire lulluɓin baƙin ƙarfe, daga nan kuza ta fara haƙa rami a jan ƙarfen. Tsofaffin kawuna na jan ƙarfe zalla ne kaɗai ake gogewa da magagari.

Bakin da ya yi baƙi, dalma tana dunƙulewa tana zamewa daga kansa, zafi ne ya yi masa yawa ko an bar shi a jone ba aiki. Ana farfaɗo da shi ta hanyar goga shi da zafinsa a dunƙulen gishirin amoniya tare da ɗigon dalma. Wannan gishiri shi Larabawa ke kira nushadir, kuma ana danganta asalin kalmar Hausa ta sinadari da shi. Yana da kaifi, yawan amfani da shi yana rage kwanan baki.

Dalma na zubewa ta bayan gaɓa idan zafi ya yi yawa ko hannu ya yi jinkiri. Kunya mai ƙullutu da tsini-tsini alama ce ta ƙarancin zafi ko ƙarancin ruwan liƙi. Tartsatsi da 'yan ramuka daga yawan ruwan liƙi suke, musamman a fuska ta biyu inda tururi ba ya samun mafita. Gilashi yana tsagewa in an yi ta maimaita wuri ɗaya, haka kuma gam ɗin falle yana narkewa fallen ya ɗago. Maganin shi ne a koma wata gaɓar sai wannan ta huce. Ruwan liƙi mai gishirin tutiya yana sa baki ya maƙale a bututunsa, saboda haka ake kwance shi lokaci-lokaci bayan ya huce, a kaɗe ɓawon tsatsa, a mayar ba tare da an ɗaure da ƙarfi ba.

Lafiya

Hayaƙin da ke tashi na ruwan liƙi ne, yana kuma fusata ido da huhu, don haka ana aiki inda iska ke wucewa. Dalma ta fi shiga jiki ta hannu zuwa bakin mutum. Ba a ci ko sha a teburin aiki, ana wanke hannu da sabulu bayan an tashi, ana kuma nisanta yara da masu juna biyu daga wurin.