Riƙe ɗalibai har su kammala digiri a Jami'ar Jihar Jojiya

Riƙe ɗalibai shi ne ƙoƙarin da jami'a ke yi don wanda ta ɗauka ya dawo aji biyu, ya kuma ci gaba har ya karɓi digirinsa. A Amurka, wata dokar tarayya ta 1990 ta wajabta wa jami'o'in da ɗalibansu ke samun tallafin gwamnati su bayyana adadin masu kammalawa. Ana ƙirga waɗanda suka gama digirin shekara huɗu cikin shekara shida. Tun a 1975 masanin zamantakewa Vincent Tinto ya yi bayanin cewa ɗalibi yakan gudu ne idan bai saje da jami'ar ba, ko ta wajen karatu ko ta wajen zama da mutane.

Jami'ar Jihar Jojiya da ke birnin Atalanta, wadda aka kafa a 1913, tana cikin misalan da aka fi kawowa a wannan fanni. Ɗalibanta da yawa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma akwai baƙar fata masu yawa a cikinsu. A 2003, kashi 32 cikin 100 ne kawai suke kammalawa cikin shekara shida. Bayan kimanin shekara 15 adadin ya haura kashi 50, kuma baƙar fata da talakawa suka kamo sauran ɗalibai. Timothy Renick, malamin nazarin addinai, shi ya jagoranci aikin, a zamanin da Mark Becker ke shugabancin jami'ar.

Abin da suka fara ganowa shi ne ba duk mai barin makaranta ba ne ya kasa karatu. Wasu suna dab da gamawa ake soke sunansu saboda ragowar kuɗin makaranta da bai taka kara ya karya ba, wani lokaci 'yan ɗaruruwan daloli. A 2011 jami'ar ta fara biyan irin wannan ragowar, kyauta ba bashi ba. Tausayi ne, amma akwai lissafi a ciki: ɗalibin da aka kora ya tafi da duk kuɗin da zai biya nan gaba, wanda ya ninka abin da aka yafe masa.

A 2012 aka shigo da manhajar kwamfuta da ta nazarci sakamakon ɗalibai na shekara 10, ta fitar da alamomin haɗari sama da 800. Kullum tana duba bayanan kowane ɗalibi. Idan ya yi rajistar darasin da ba ya cikin tsarin digirinsa, ko ya ci da ƙyar a darasin farko na fanninsa, sai ta sanar da mai ba shi shawara, shi kuma ya kira shi su zauna. Masu yabon tsarin sukan manta cewa jami'ar ta ɗauki sababbin masu ba da shawara 42. Na'ura tana iya nuna matsala, amma sai mutum ya zauna da yaro kafin a san ko aikin dare ne ya hana shi barci.

A 2016 aka ƙara da manhajar Pounce, mai amsa tambayoyin sababbin ɗalibai ta saƙon waya dare da rana, don rage yawan waɗanda ake ba gurbi amma ba su zo ba.

Tsarin bai tsira daga suka ba. Wasu masana suna fargabar hasashen da aka gina kan sakamakon baya zai riƙa karkatar da talakawa daga fannoni masu wuya, irin su aikin jinya, zuwa masu sauƙi. Akwai kuma batun sirri, tunda jami'a na bibiyar bayanan ɗalibi kullum. Duk da haka jami'o'i da dama sun kwaikwayi tsarin, har jami'ar ta buɗe cibiya ta musamman, ƙarƙashin Renick, don horar da su.