Ma'anar G-CSF, allurar da ake yi wa mai ba da ɓargo

Duk wanda ya taɓa bin maganar dashen ɓargo zai ji likitoci suna ambaton G-CSF. Sinadari ne da jiki ke yi da kansa don ya sa ɓargo ya ƙara fararen ƙwayoyin jini. An haɗa irinsa a matsayin magani mai suna filgrastim, Amurka ta amince da shi a 1991.

A wajen dashe, mai lafiyar ake yi wa allurar, wato mai bayarwa. Kullum a ƙarƙashin fata, kwana huɗu ko biyar. Sai ƙwayoyin asali, waɗanda ke haifar da duk ƙwayoyin jini, su baro ƙashi su kwararo cikin jini. Daga nan a zaunar da shi, bututu a wannan hannu, bututu a wancan, na'ura na tace abin da ake so tana mayar masa da sauran jininsa. Yawanci kukansa bai wuce ciwon ƙashi da ciwon kai ba.

To, na'urar takan haɗo da ƙwayoyin T, sojojin garkuwar jiki, kusan ninki goma na abin da ake samu in an zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu. In an saka wa majinyaci su, waɗannan baƙi kan ɗauki jikinsa abokin gaba, su far wa fata da hanji da hanta, cutar da ake kira GVHD. A lissafi, ninki goma bala'i ne. Amma farmakin watannin farko bai ƙaru haka ba, domin allurar ta sanyaya musu gwiwa tun suna jikin mai su: ta rage sinadaran da ke hura kumburi, ta yawaita ƙwayoyin da aikinsu tsawatar wa 'yan'uwansu ne.

Sanyin dai ba ya ɗorewa. Wani bincike a kan majinyata 551 da aka wallafa a 2012 ya nuna GVHD mai jan lokaci ta kama kashi 53 cikin ɗari na waɗanda aka tace musu daga jini, da kashi 41 na masu ɓargo. Sai dai dashen da aka tace daga jini ya fi karɓuwa a jikin majinyaci.

A sankarar jini wannan zafin sojojin yana da rana, don sukan cinye ragowar ƙwayoyin cutar. A sikila kuwa babu abin da za su yaƙa sai jikin majinyacin, shi ya sa likitoci suka fi son ɓargo kai tsaye. Mai sikilar kansa ma ba a yi masa G-CSF, tana iya tayar masa da ciwo mai tsanani.