Antiraknos

Antiraknos suna ne na cututtukan tsirrai da dama waɗanda fungas (ƙananan halittu dangin funfuna) ke haddasawa, galibi daga dangin Colletotrichum. Sunan antiraknos ya samo asali daga kalmar Girkanci mai nufin gawayi, saboda baƙaƙen tabo masu lotsawa da cutar ke bari a ganye, kara da 'ya'yan itace. Tana kama mangwaro, gwanda, ayaba, barkono, wake, dawa da masara.

Tarihi

Masani Corda ne ya bayyana dangin Colletotrichum a 1831. Wajen 1875 Lindemuth ya lura da cutar a jikin wake a Jamus, shi ya sa nau'in da ke kama wake yake ɗauke da sunansa. A 1911 Barrus ya nuna a Amurka cewa fungas ɗin ya kasu iri-iri, kuma waken da ya jure wa wani irin yakan faɗi a hannun wani. Wannan bincike ya zama ginshiƙi ga masu ƙirƙiro iri mai juriya. Nau'in da ke ruɓar da 'ya'yan kofi kuwa, a Kenya aka fara ba da rahotonsa, a wajajen 1922.

Yaɗuwa

Cutar na son ɗumi da laima. Feshin ruwan sama ne ke ɗaukar ƙwayoyinta daga tsiro zuwa tsiro, kuma tana fakewa cikin iri da busassun ganye. Abin da ya fi cutar da manomi shi ne yadda take kwanciya shiru a jikin ɗanyen mangwaro, sai ya fara nuna bayan an tsinke shi sannan tabon ya bayyana.

Rigakafi da magani

Tabon da ya riga ya fito ba ya warkewa, don haka rigakafi ne babban makami. Ana shuka iri mai tsabta, a sauya amfanin gona na shekara 2 zuwa 3, a sare rassan da suka kamu a ƙone su, a ba tsirrai tazara don iska ta ratsa. Ba a shiga gonar wake tana jiƙe. Feshin magungunan jan ƙarfe, irin haɗin Bordo da Millardet ya yaɗa a Faransa a shekarun 1880, ko kuma na wani maganin fungas mai suna mankozeb, yana kare sabon toho da fure. Bayan girbi ana tsoma mangwaro cikin ruwa mai zafin digiri kusan 52 a ma'aunin Celsius na 'yan mintuna.

Wasu nau'o'in fungas ɗin sun daina jin wasu magungunan, saboda haka ake sassauya magungunan.