Tara tsofaffin mabuɗan kwalba masu murɗe

Mabuɗin kwalba mai murɗe ƙaramin kayan aiki ne da ake cusa murɗaɗɗen ƙarfensa cikin toshiyar kwalba a zaro ta. Toshiyar da ake nufi ita ce wadda ake yankowa daga ɓawon wani itacen oak da ke tsiro a ƙasashen Bahar Rum, musamman Fotugal da Sifen, wanda ake saɓe shi duk bayan shekara 9. Tara tsofaffin irin waɗannan mabuɗai da gane asalinsu sha'awa ce da ta yi ƙarfi a Ingila, Faransa, Jamus, Italiya da Amurka, inda aka ƙera mafi yawansu tsakanin ƙarni na 18 da farkon na 20.

Yau an fi danganta mabuɗin da giyar inabi, amma kafin William Painter ya ƙirƙiro murfin ƙarfe irin na kwalbar lemo a 1892, toshiya ce ke rufe kwalaben magani da na turare da na tawada. Shi ya sa ake samun 'yan ƙanana waɗanda ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, na azurfa ko na waya zalla.

Asali da manyan nau'o'i

Masana na ganin mabuɗin ya samo asali ne daga murɗaɗɗen ƙarfen da sojoji ke zaro harsashin da ya maƙale a bakin bindiga da shi. An ambace shi a rubuce a Ingila tun 1681. Takardar mallakar ƙirƙira ta farko kuwa wani limamin coci ne, Samuel Henshall, ya same ta a 1795, aka ƙera masa a masana'antar Matthew Boulton da ke Birmingham. Abin da ya ƙara ɗan faifai ne tsakanin sanda da murɗen. Idan murɗen ya shige duka, faifan zai danne toshiyar ya juya ta, sai mannewar da ta yi da wuyan kwalba ta sake.

A 1802 Edward Thomason, shi ma a Birmingham, ya fito da mai gangar tagulla da zaren sukuru biyu, ɗaya cikin ɗaya. Ana ta murɗawa gefe guda, zaren farko ya shigar da ƙarfen, na biyu ya ɗago toshiyar. Wannan shi ne wanda mafi yawan masu tarawa ke fara buri a kansa, kuma shi aka fi yi wa jabu. Bayansa sai na Carl Wienke na Jamus a 1882, mai naɗewa kamar wuƙar aljihu, wanda masu hidima a gidajen abinci ke riƙewa har yanzu. Da mai hannu biyu na kamfanin Heeley a 1888. Da Zig-Zag na Faransa mai miƙewa da tsukewa. A Amurka William Rockwell Clough ya yi injin da ke lanƙwasa waya guda ta zama mabuɗi, ana haɗa su kyauta da kwalaben magani. Don yawansu ba su da tsada, sai dai wanda ke ɗauke da sunan tallar da ba a cika gani ba. Daga Jamus kuma, a ƙarshen ƙarni na 19, aka fito da masu siffar ƙafafu sanye da safa mai ratsi-ratsi.

Yadda ake gane na gaske

Mai duba mabuɗi yana farawa ne daga murɗen, domin shi ne ya fi shan wahala, shi aka fi sauyawa. Iri uku aka fi sani: na waya mai rami a tsakiya wanda tsinken ashana zai ratsa, da mai sanda a tsakiya kamar ƙusar sukuru, da mai kaifin gefe. Wasu na Ingila suna da ɗan kwari da aka zana a jikin wayar don ta kama toshiya sosai. Tsinin ya kamata ya bi zagayen murɗen. Idan ya dakushe, ko zagayen bai kai yadda aka san nau'in ba, to ya taɓa karyewa aka goge shi da zarto, kuma hakan na rage daraja ƙwarai. A duba mahaɗar murɗen da sanda da gilashin ƙara girma mai ninki 10. Walda ko dalma mai wani launi daban shaida ce ta gyara.

Sai rubutun da ke jiki. Na Ingila da aka yi wa rajistar zane tsakanin 1842 da 1883 suna da tambari mai kusurwa huɗu a tsaye, wanda haruffa da lambobinsa ke nuna rana da wata da shekara. Daga 1884 aka koma rubuta Rd, wato an yi rajista, da lamba. Haruffan D.R.P. na Jamus, alamar takardar mallakar ƙirƙira, sun fara daga 1877, D.R.G.M. kuma, alamar rajistar samfuri, daga 1891. Na Faransa sukan ɗauki Breveté S.G.D.G., wato an yi rajista ba tare da lamunin gwamnati ba. Sunan ƙasa kawai, kamar Germany ko England, yawanci na nuna bayan 1890 ne, lokacin da dokar harajin McKinley ta Amurka ta wajabta rubuta ƙasar da kaya suka fito. Na azurfar Ingila sun fi sauƙin ganewa: zaki mai tafiya na nufin azurfa kashi 925 cikin 1000, angar jirgin ruwa na nufin Birmingham, kan damisa Landan, sannan harafi guda ya ba da shekara.

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne ɗaukar shekarar da aka buga a jiki a matsayin shekarar ƙira. Wannan shekarar rajista ce. Masana'anta kan ci gaba da buga tambari ɗaya shekaru da dama, kuma maƙera da yawa sun yi ta ƙera samfurin Thomason da na Henshall bayan wa'adin mallakarsu ya ƙare. Don haka ake bambanta wanda ke ɗauke da sunan mai ƙirƙirar da wanda ya bi salonsa kawai.

Mariƙin yakan zama na katako, ƙashi, ƙaho ko hauren giwa. Ƙashi yana da 'yan ɗigo da gajerun layuka baƙaƙe, guraben jijiyoyin jini. Haure ba shi da su, sai dai a inda aka yanka shi a kwance ana ganin layuka masu gilma juna kamar saƙa. Bambancin yana da muhimmanci ta fuskar doka, tunda yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai, ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, Birtaniya kuma ta tsaurara nata hanin daga 2022. Ramin da ke gefe ɗaya na mariƙi gurbin buroshi ne na share ƙura da kakin bakin kwalba. Gashinsa kan zube, kuma sabon buroshi ba aibi ba ne muddin mai sayarwa ya faɗa.

Abin da ya fi wuyar kamawa shi ne haɗin gambiza, wato mariƙin wannan a kan gangar wancan. Kowane sashe tsoho ne, amma ba tare aka haife su ba. Ana gane shi da rashin daidaiton tsufa: tagulla ta dushe amma noti na sheƙi, ko zare na sassauci inda ya kamata ya zauna daram. Jabun zamani kuwa zubi ake yi daga na asali, don haka rubutunsa kan fito a dagule, jikinsa da ƙananan ramuka da layin mahaɗar mazubi, zarensa kuma ba ya tafiya sumul. Tsufan gaske yana bayyana ne a inda hannu ke taɓawa. Wanda aka yi da sinadari kan rufe ko'ina bai ɗaya.

Kulawa da adanawa

Gogewa fiye da kima ta lalata mabuɗai masu yawa. Duhun da tagulla ta yi cikin shekara 150 ba datti ba ne, kuma masu saye suna biyan kuɗi dominsa. Wanda aka kai wa injin goge ya yi asarar kaifin rubutunsa har abada. Tsatsa mai sauƙi ana cire ta da ɗigon man keken ɗinki da audugar ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, a hankali, sannan a shafa kaki siriri. Zaren da ya cije a ɗiga masa mai a bar shi kwana 2 ko 3, kada a tilasta shi. Ƙashi da haure ba a jiƙa su, ba a barin su a rana ko kusa da wuta, don suna tsagewa. Ba a gwada tsohon mabuɗi a kan toshiyar roba ta zamani, saboda taurinta na iya miƙar da murɗen ko ta karya shi. Kowane ɗaya a rubuta masa kati: tsawo, nauyi, tambari, inda aka saya da gyaran da aka gani.

Ƙungiyoyi da gidajen tarihi

Fitacciyar ƙungiyar masu tarawa ita ce ICCA, wadda aka kafa a 1974, ba ta wuce mutum 50. Ta Kanada, CCCC, ta fi buɗe ƙofa ga kowa. Akwai gidajen tarihi na mabuɗai a Ménerbes da ke kudancin Faransa da garin Barolo na Italiya, sai kuma babban tarin Ion Chirescu da ake nunawa a Bukarest, babban birnin Romaniya.