Gyaran fuska da sanyi: me ake nufi da kirayoterafi?

Duk mai kallon bidiyon kwalliya a TikTok ko Instagram ta ga matan da ke tsoma fuska cikin kwanon ruwan ƙanƙara da sassafe, ko masu murza wani ɗan ƙarfe mai sanyi a kumatu kafin su shafa hoda. Abin ya iso mana Zariya. Wasu masu yi wa amare kwalliya sun sa shi cikin ayyukansu, gefe guda da dilka da halawa da kurkum, wasu na kiransa ais feshiyal, wasu na cewa kirayoterafi. Abin da ake nufi a taƙaice shi ne sa wa fatar fuska sanyi domin gyara ko magani. Matsalar ita ce ayyukan da ake kira da wannan suna ba ɗaya ba ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce ƙwarai.

Ƙanƙarar da ta fara narkewa tana kan digiri sifiri. Wadda aka ciro yanzu daga firiza mai aiki sosai tana iya kai digiri 18 ƙasa da sifiri, shi ya sa take manne wa yatsa mai laima. A manyan wuraren gyaran jiki akwai inji mai hura tururi mai tsananin sanyi a fuska na 'yan mintuna. Sannan akwai na asibiti, inda likitan fata ke amfani da ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. Wannan na ƙarshe ba kwalliya ba ce ko kaɗan. Ana yin sa ne da gangan domin a kashe wani ɗan yanki na fata da ba a so, kamar tsiro, ko tabo mai tudu, ko wasu alamun farko na kansar fata.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. A tsakiyar ƙarni na 19 wani likita a Ingila mai suna James Arnott yana haɗa dakakkiyar ƙanƙara da gishiri yana ɗora wa masu ƙari domin rage musu zafi da kumburi. Ruwan naitirojin ya shiga aikin likitocin fata a wajajen 1950. A 1978 kuma wani likitan Japan, Toshima Yamauchi, ya fara sa masu ciwon gaɓoɓi cikin ɗaki mai tsananin sanyi na ɗan lokaci, daga nan 'yan wasa suka ɗauka, daga gare su abin ya gangaro zuwa shagunan kwalliya. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito fili ta ce ba ta amince da irin wannan ɗakin sanyi a matsayin maganin kowace cuta ba. Wato sunan ya fito daga asibiti, amma ba duk abin da ake sayarwa da sunan ne asibiti ya tabbatar ba.

To me sanyi yake yi wa fuska a zahiri? Idan ya taɓa fata, ƙananan jijiyoyin jini da ke ƙarƙashinta sai su tsuke. Jini da ruwan da ke taruwa a wurin ya ragu, kumburi ya saɓe, jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo da ƙaiƙayi su yi sanyi su rage aiki. Shi ya sa wadda ta kwana tana kuka, ko ta kwana ba barci a hidimar biki, idan ta ɗora tsumma mai sanyi a ƙasan ido sai ta ga kumburin ya sauka. Haka ƙurjin fuska babba mai raɗaɗi, irin wanda ke fitowa a haɓa ba shi da baki, yakan lafa idan an sa masa sanyi. Haka kurajen zafi da ke addabar mutane a watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke ƙuna kafin damina ta sauka. Bayan an ɗauke sanyin, jijiyoyin su sake buɗewa, jini ya dawo da ƙarfi, fuska ta yi wani sheƙi na ɗan lokaci. Wannan sheƙin ne ake ɗauka a bidiyo, kuma gaskiya ne, akwai shi. Sai dai kafin azahar ya tafi.

A nan ne nake so mu yi wa juna gaskiya, domin ana faɗin abubuwa da yawa da ba haka suke ba. Ana cewa ƙanƙara tana rufe ƙofofin gashi. Ƙofofin gashi ba sa buɗewa da rufewa. Fatar da ke kewaye da su ce ke ɗan tsukewa, sai a ga kamar sun ƙanƙance, da jiki ya ɗumama su koma yadda suke. Girmansu ya danganta da gado da yawan maiƙon fata da shekaru. Ana cewa tana sa haske. Ba ta sa haske, ba ta goge baƙin tabo. Ana cewa tana warkar da kurajen fuska, alhali abin da ke kawo su, wato toshewar ƙofofin gashi da maiƙo da ƙwayoyin cuta da canjin sinadaran jiki, yana nan daram bayan ƙanƙara ta narke. Tana rage raɗaɗin ƙurjin da ya fito yau, ba ta hana na gobe fitowa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a faɗa a bidiyon, saboda yawancin masu yin bidiyon fatarsu ba irin tamu ba ce. A cikin fata akwai ƙwayoyin da ke samar da launi, su ne suka ba mu baƙi ko wankan tarwaɗa. Waɗannan ƙwayoyi sun fi sauran ƙwayoyin fata rauni a gaban sanyi. Suna lalacewa tun daga wajen digiri 5 ƙasa da sifiri, alhali sauran ƙwayoyin saman fata sai sanyi ya kai digiri 20 zuwa 30 ƙasa da sifiri kafin su mutu. Yadda sanyi ke kashe su kuwa kamar tumatirin da aka bari ya daskare a firiza ne: ruwan cikinsa ya zama ƙanƙara ya farfasa shi daga ciki, da ya narke sai ya saki ya yi laɓo-laɓo. Ma'anar wannan ita ce tsananin sanyi yana iya ɗauke launin wuri tun kafin fatar ta nuna wani rauni babba. Sai a wayi gari da farin tabo a kumatu. A fatar Bature da wuya a lura da shi. A fuskar baƙar mace kuwa daga nesa ake hango shi, wani yakan ɗauki watanni kafin launi ya dawo, wani ba ya dawowa. Wani lokaci kuma akasin haka ake samu, wurin da ya ƙone da sanyi ya warke ya bar baƙin tabo, kamar yadda kowane rauni ke bar mana. Duk wadda ta san irin kallon da ake yi wa mai farin tabo a fuska a cikin jama'armu, da irin tambayoyin da ake yi mata, ta san wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yarinyar da saura mako guda a ɗaura mata aure.

Saboda haka ne likitocin fata ke taka-tsantsan da naitirojin a kan baƙar fata. Misali ƙananan baƙaƙen tsiron nan da ke fitowa a kumatu da wuya da gefen ido yayin da mutum ke manyanta, waɗanda suka yawaita a tsakanin baƙar fata kuma ba cuta ba ne, likita yakan auna ko cire su da sanyi zai bar tabon da ya fi su muni, sau da yawa ya zaɓi wata hanya. Idan wanda ya yi shekaru yana karatun fata yana wannan lissafi, bai kamata a miƙa fuska ga wanda ya sayo kwalbar feshin daskarwa ta intanet ba.

Akwai kuma abubuwan da suka shafi garin nan musamman. Wuta ba ta zama, don haka da yawa sayen ƙanƙara muke yi. Babban dunƙulen da ake fasa wa masu sayar da lemo da zoɓo an yi shi ne don sanyaya kaya, ba a san da wane ruwa aka daskarar da shi ba, ga hannuwa da buhunan da ya ratsa kafin ya iso gida. Ɗora shi a kan ƙurjin da ya fashe ɗaukar wa kai cuta ne. Ruwan leda da aka daskarar, a wanke bayan ledar a naɗe cikin tsumma, ya fi shi tsafta nesa ba kusa ba. Sannan yanayi. A watan Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke busar da leɓe har ya tsage, fata na neman maiƙo da laima ne, kamar man kaɗanya ko basilin. Ƙara mata ƙanƙara a wannan lokaci ƙara mata bushewa da tsagewa ne.

Sai batun man bilicin, wanda ba zan tsallake ba. Da yawa daga cikin mayukan nan suna ɗauke da sinadaran da ke sa fata ta yi siriri har a riƙa hango jijiyoyi ja-ja ko kore-kore a kumatu, kuma NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta daɗe tana gargaɗi a kansu. Mai irin wannan fata takan ji fuskarta na zafi idan ta shiga rana ko ta tsaya gaban murhu, sai ta nemi ƙanƙara don ta ji sanyi. Za ta ji sauƙi na minti biyar, amma fatar da ta yi siriri ta fi saurin ƙonewa da sanyi, ta fi jinkirin warkewa. 'Yar'uwa, idan fuskarki ta kai haka, likita take buƙata, domin ko daina man ma akwai yadda ake yinsa a hankali.

Ga wadda fatarta lafiya lau kuma tana so ta rage kumburin safe ko ta kwantar da fuska kafin kwalliya, ba sai an wahala ba. Ki wanke fuska tukuna. Ki naɗe ƙanƙara mai tsafta cikin siririn tsumma wankakke, kada ta taɓa fata tsirara. Ki riƙa zagayawa da ita, kada ki danne wuri ɗaya fiye da minti ɗaya ko biyu, kuma duka aikin kada ya wuce minti goma. Fatar da ke kewaye da ido ta fi ko'ina siranta, a nan cokalin da aka sa a firji ya wadatar. Da kin ji raɗaɗi, ko wurin ya mutu ba kya jin taɓawa, ko ya yi fari ya yi tauri, ki dakata nan take, ki bar shi ya ɗumama da kansa, kada ki murza, kada ki zuba ruwan zafi. Ki shafa mai bayan kin gama. A ganina ma ruwan randa mai sanyi da tsumma mai kyau suna ba da kusan duk amfanin da ake nema, ba tare da haɗarin ƙuna ba.

Wasu kuwa su bar shi gaba ɗaya. Masu sikila sun san sanyi na daga cikin abubuwan da ke tayar musu da ciwo, shi ya sa ake ba su shawarar ɗumi maimakon ƙanƙara. Akwai waɗanda sanyi ke sa wa borin jini, da ruwan sanyi ya taɓa su sai jiki ya yi rudu-rudu. Mai ciwon suga da jijiyoyinsa suka raunana yana iya ƙonewa bai ji ba. Tsoma fuska gaba ɗaya cikin ruwan ƙanƙara kuma yana rage bugun zuciya nan take, don haka mai ciwon zuciya kada ya gwada sai ya tambayi likitansa. Ƙananan yara ma ba a sa musu ƙanƙara a kumatu, domin kitsen da ke ƙarƙashin fatarsu yana saurin kumbura ya yi tauri da sanyi.

Idan a shago za a yi miki, ki tambayi mai shagon kai tsaye: "Anti, da me za ki yi min, ƙanƙara ce ko inji? Minti nawa? An wanke abin murzawar bayan wadda ta riga ni?" Mai sana'ar kirki ba za ta ji haushin wannan ba. Amarya kuma kada ta gwada sabon abu a fuska ana gobe kamu. In za a yi, a gwada tun da sauran makonni. Duk abin da ya kai ga cire tsiro, ko tabo mai tudu a kunne bayan huji, ko wani baƙin ɗigo da ke girma ko zubar da jini, wannan aikin likitan fata ne, kuma ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello nan a Shika.