Waiwaye: Malam Amadu Futa, shanu da makarantun Nima

Wanda ya ga cunkoson unguwar Nima ta Accra, babban birnin Ghana, a yau da wuya ya yarda cewa a da wurin kiwo ne. A 1931 ne Malam Amadu Futa, Bafillace mai fataucin shanu kuma malamin addini, ya nemi izini wajen zuri'ar Odoi Kwao ta Osu, 'yan ƙabilar Ga masu ƙasar, ya sauka a can da dabbobinsa da jama'arsa. Lokacin wurin yana bayan gari.

Buƙata ce ta kai shi. Naman da Accra ke ci a zamanin Turawa daga arewa yake zuwa, har daga ƙasashen da Faransa ke mulki, wato Burkina Faso da Mali na yau. A ƙasa ake koro shanun, tafiyar makonni, su iso a rame, dole a hutar da su su murmure kafin su shiga hannun mahauta. Cikin gari kuwa ya cushe. Ko Malam Bako, wani shugaban Hausawa a Accra, ya riga ya kwashe mutanensa daga tsohon zango ya kafa Sabon Zango kusan shekara 20 kafin haka.

Abin da aka fi mantawa shi ne yadda wannan dukiya ta riƙe ilimi. A tsarin zango, maigida shi ke saukar da fatake, ya ciyar da su, ya samo musu mai saye, ya tsaya musu a kan bashi. A zaurensa kuma malami ke zama da yara da allunansu. Babu gwamnatin da ke biyan malamin. Abin da ke riƙe shi kuɗin Laraba ne, da zakka, da abin da masu shanu da masu goro suka miƙa, sai kuma ɗakin da aka ba shi kyauta. A ganina, waɗannan dattawa su ne masu ɗaukar nauyin ilimi na farko a zangunanmu, ko da ba a manna sunayensu a bangon kowace makaranta ba.

A yaƙin duniya na biyu Nima ta cika da masu neman aiki a sansanonin soja da ke kusa da filin jirgi, makiyayar ta koma gidajen haya, makarantun allo suka yi ta ƙaruwa.

Boko ne aka bari a baya, kuma da dalili. Galibin makarantun lokacin na mishan ne, iyaye suna tsoron yaro ya tafi da sunan Musa ya dawo da wani suna da wani addini. Ahmadiyya ta buɗe sakandare a Kumasi a 1950, amma yawancin mutanen zango sun ƙaurace mata saboda saɓanin aƙida. Tsadar wannan giɓi ta fito fili bayan samun 'yanci a 1957, lokacin da aikin ofis ya koma na mai takarda, 'ya'yan zango da yawa suka tsaya a dako da gadi da direbanci.

Sai a 1987 gwamnati ta kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana, ta riƙa tura malaman Turanci da lissafi makarantun Islamiyya tana biyansu albashi. Da yawa daga cikin makarantun da suka shiga wannan tsari a Nima da maƙwabciyarta Maamobi, daga karatun allo na cikin gida suka taso.